Daminar da Muka Ci Ƙasa

Bana ma ruwa ya yi mana rowa da farko. Har lokacin da ya kamata a ce an gama noman fari, gonakin bakin Kalgo, inda muke zaune yanzu, fayau suke, sai zafi, sai hadarin da kan haɗu da la'asar ya watse kafin magariba. A cikin wannan zafin na raka Rukayya, matar ɗana Ɗanjuma, awon ciki. Ba don ba ta san hanya ba. Na lura ne kwana biyu in ta tashi daga tsugune sai ta dafa bango.

Malamar asibitin ta ja fatar idonta ƙasa da ɗan yatsa, ta juya tafin hannunta, ta danna mata ƙafa, ta ce jininta ya yi ƙasa. Ta ba ta wasu ƙwayoyi jajaye, ta ce ta riƙa cin hanta da wake da zogale, da ƙananan kifi har ƙayarsu. Sannan ta juyo gare ni.

"Mama, ku sa mata ido. Abin da ke ciki ba ya roƙo, ɗiba yake yi. Jininsa daga nata ne, ƙashinsa daga nata ne. In ya tarar da kaɗan, shi ma da kaɗan zai fito, ita kuma ya bar ta fanko."

Na ce to. Sai ta tambayi Rukayya ko tana jin marmarin cin ƙasa, ta ce in tana ji ta daure ta bari, don ƙasar ma tana hana jiki riƙe ɗan abin da ya samu. Rukayya ta sunkuyar da kai tana dariyar kunya. Ni ban yi dariya ba. Ɗanɗanon ƙasar suri na ji a kan harshena, bayan shekaru sama da talatin.

Ni Kulu 'yar Kalgo ce, 'yar masunta, da ƙarnin kifi a zane na tashi. Aure ya kai ni wani ƙauye a gefen Dalijan, ƙasar Gwandu, inda babu gulbi sai rijiya mai zurfi da gonakin tudu. Gidan gandu ne. Akwai uwar mijina da muke ce wa Goggo, da maigidana, da wansa Yaya Buhari, da matar Yaya Buhari, facalata Balki, mai 'ya'ya uku. Balki ce ta koya mini gidan. Ita ta nuna mini yadda ake jan guga a rijiyar tudu ba tare da igiya ta cinye hannu ba, ita ce kuma ke tsokanata da cewa mu mutanen gulbi ko daka muke yi kamar muna tuƙa jirgi.

Shekarar da ta gabata gero bai yi ba, don haka tun bazara ake jin ƙasan rumbu in an zura hannu. Wannan bazarar da ciki ta same mu ni da Balki, kusan tare muka samu. Nawa na fari, nata na huɗu, kuma ba ta jima da yaye na ukun ba.

Zafin shekarar daban yake. Da hantsi ma ba ka iya taka tsakar gida ba takalmi. Kaji su buɗe baki su lafe a gindin randa. Maza suka yi binne, suka zuba iri a busasshiyar ƙasa suna jiran sama. Ruwa ya zo sau ɗaya mai kyau, shuka ta fito kore shar, kowa ya yi hamdala. Daga nan sama ta ɗauke. Muna ji muna gani shukar ta lanƙwashe, ta yi ja, iska ta kwashe ta. Da ruwa ya dawo sai da aka sake shuka, irin kuwa daga bakinmu aka ɗebo shi.

Daga nan gidan ya koma kan awo. Da safe Goggo ta hau rumbu da kanta ta fiddo abin da za a daka, ni da Balki mu kama turmi. A dama fura mai ɗan kauri a kai wa maza gona, abin da ya rage a tsinka shi da ruwa yara su sha. Da yamma a tuƙa tuwo sau ɗaya. Goggo ce ke riƙe da mara. Ta fara kwashe na maza, sannan na yara, sannan namu, nata na ƙarshe. Ba mugunta ba ce, ba wanda ma ya taɓa tunanin akwai wata hanyar. Ƙarfin maza ne zai fitar da mu daga wannan hali, in suka faɗi a gona kowa ya faɗi. Haka muka gani, haka muka yarda.

Nakan cinye nawa tas har in lashe kwano. Balki kuwa da ta sa hannu sai ƙaramin ɗanta ya zo ya tsaya a gabanta ya zuba mata ido. Ta gutsura ta ba shi. Na tsakiyan ya matso. Kafin ka ce me, kwanon ya koma nasu, ita ta jiƙa ƙanzo ta sha ruwan.

"Yaya Balki, ke fa?"

"Ni na ƙoshi tun wurin tuƙi. Hayaƙin tuwo ma abinci ne, ba ki sani ba?"

Miya kullum ta kuka ce, wata rana da daddawa, wata rana babu. Da ganye ya fito muka koma tafasa da rama, mu dafa mu matse mu barbaɗa ɗan gishiri. Nama tun Sallah rabonmu da shi. Zabin gidan sun fara ƙwai kamar yadda suke yi da damina, amma Goggo ta ce mai ciki ba ta cin ƙwai, haka ta taras ana yi, haka uwarta ta taras. Ƙwan sai ranar kasuwar Gwandu a kai a samo gishiri da ashana. Wani lokaci nakan tuna tulin ƙwan nan a cikin ƙwarya, farare da ɗigo-ɗigo, suna wuce mu a ƙofa.

A hankali jikinmu ya fara magana. Ni in na miƙe sai in ga duhu da wasu taurari suna yawo. In na ɗaga taɓarya sai in ji bugun zuciyata a cikin kunne kamar ana kiɗa a maƙwabta. Faratana suka yi laushi suna karyewa. Balki nata ya fi nawa. Ƙafafunta suka kumbura har awarwaron ƙafarta ya nutse, leɓɓanta suka yi fari, jijiyar ƙaurinta takan ɗaure ta zauna tana murzawa tana salati. Haƙorinta na gefe ya fara girgiɗa. Goggo ta ce ai kowane ciki da haƙorinsa.

Ranar da ruwa ya dawo sosai, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika gidan, sai na ji yawu ya cika mini baki. Ban taɓa son wani abinci a duniya kamar yadda na so ƙasar nan ba. Na zagaya bayan ɗaki inda wani suri yake jikin darnin kara, na ɓantaro ɗan guntu na jefa a baki. Ina juyowa na ga Balki tsaye tana kallona. Na rasa inda zan sa kaina. Sai ta kwance haɓar zanenta ta nuna mini nata, har ta gasa shi a gindin murhu ya yi jajir.

"Ɗanyen yana sa ciwon ciki," ta ce. "Ungo wannan. Amarya, ashe kin shigo sahu."

Muka zauna a nan bayan ɗaki muna ɓarzar ƙasa muna dariya har da hawaye. Wallahi daɗi take mana. Tana da wani garɗi, kuma in ka ci sai cikin ya yi shiru na ɗan lokaci, ya daina kuka. Daga ranar ya zama sirrinmu. Kullum bayan an kai furar gona mu zagaya.

Wadda ta gane mu wata Bafulatana ce da ke kawo nono daga rugar da ke yamma da mu. A shekarar nonon ma tsinkakke ne, shanun duk sun rame. Ta sauke ƙwaryarta ta dube mu, ta dubi jan da ke gefen bakin Balki.

"Ku ma kun fara?" ta ce. "Haka shanunmu ke yi in suna da ciki kiwo ya yi wuya. Nagge ta bar ciyawa ta je tana tauna ƙashi, tana lasar ƙasa, har tsumma take ci. In muka ga haka mun san wani abu ya ƙare a jikinta, ɗan maraƙin ya janye. Sai mu nemo mata gishiri da kanwa, mu canza mata wurin kiwo."

Balki ta yi dariya. "To mu wa zai canza mana wurin kiwo?"

Matar ba ta yi dariya ba. Da za ta tafi ta ƙara mana ludayi guda a kan abin da Goggo ta saya, ta ce wannan na masu ciki ne, kada yaro ya taɓa. Tana juya baya Balki ta miƙa wa ɗanta.

Gero ya kai gwiwa ana maimai ranar da abin ya same ni a rijiya. Da rana ce tsaka. Na jawo guga ya kusa baki, sai na ji ƙasa ta juya, igiya ta kuɓuce, na tafi gaba. Abin da na sani kawai shi ne wani ya fizgo zanena ta baya muka zube tare a taɓo. Balki ce. Da na farfaɗo ita ce ke haki fiye da ni, ta kasa tashi, sai da matan unguwa suka kama mu duka biyu suka kai gida.

Da yamma Goggo ta kira 'ya'yanta. Al'ada ce mai cikin fari ta tafi goyon ciki gidan iyayenta in wata bakwai ya cika. Nawa bai kai ba, amma Goggo ta ce ba za ta jira ba.

"Ɗiyar mutane ce anka ba mu amana. A maishe ta gulbi ta ci kihi."

Na samu Balki a madafa na ce ta zo mu tafi tare, Innata ba za ta ƙi ba, ɗaki akwai.

"Kulu ke nan. In tafi in bar wa wa yaran? Goggo ce za ta yi daka, ko ita za ta ja ruwa? Ni na saba, wannan na huɗu ne. Gero ma ya kusa yin ciki, mu da shi za mu sauka tare." Ta ɗaura mini ɗan ƙullin gasasshiyar ƙasa a haɓar zane. "Guzurinki. In kin dawo ki taho mini da busasshen kifi, babba, mai kitse."

A bayan wata motar kaya maigidana ya kai ni, muka bi ta Birnin Kebbi muka isa Kalgo da la'asar. Inna tana ganina ta ajiye abin da ke hannunta. Ba ta ko amsa gaisuwata ba, ta ja fatar idona ƙasa, daidai yadda malamar nan ta yi wa Rukayya.

"Innalillahi. Mi as same ki? Ina jininki ya tahi?"

Ba wai Kalgo a ƙoshe take ba. Lokacin cikar gulbi ba lokacin kifi ba ne, ruwa ya bazu cikin fadama, manyan sun watse. Amma ƙananan nan masu kamar ɗan yatsa ba sa yankewa. Baba ya fita da komarsa ta kamun kifi da sassafe ya dawo da abin da ya samu, Inna ta dafa su luguf da ganyen lalo ko zogale, ta tsaya a kaina sai na tauna har kai da ƙaya. Ta samo ƙullin ƙasar a zanena ta watsa shi bayan gida. In maƙwabta sun yi yanka ta je da ƙoƙonta ta roƙo hanta, ita da ba ta roƙon kowa komai. Marka ta kama, sama ta yini tana zuba, ɗaki ya yi sanyi da warin danshi, kwaɗi suna ta kuka a fadama. Ina zaune ina ci ina tuna Balki. Kowace loma sai na ga kamar ita ya kamata ta shiga bakinta. A lokacin ba waya, ba babur ɗin da zai kai saƙo ya dawo a yini guda. In kana son jin labarin mutum sai ka jira ranar kasuwa, ko ka jira shi kansa labarin ya zo.

Duhun idon ya ragu, marmarin ƙasar ma ya tafi da kansa. Wata ranar Juma'a na haifi namiji. Ƙarami ne, ungozoma ta ce kamar ɗan zomo, amma ya yi kuka da ƙarfi. Na zubar da jini, na kuma tashi.

Ina cikin wankan jego, wata rana da hantsi ana yayyafi, na ji sallama a ƙofa. Muryar Goggo ce. Tsohuwar da ban taɓa ganin ta wuce Gwandu ba, ga ta a Kalgo, jiƙe sharkaf, da goyo a bayanta. Ina ganin goyon na gane.

Ta zauna a bakin ƙofar ɗaki ta kasa shiga. Inna ta kawo mata ruwa ta riƙe kofin ba ta sha ba.

"Balki ta riga mu," ta ce. "Haihuwar ba ta ba ta wuya ba. Jinin ma da ta zubar, na ga mata sun zubar da wanda ya hi shi sun tashi sun yi wanka. Amma ita ba ta da shi, Kulu. Ba ta da na zubarwa. Munka ɗora ta a amalanke za mu Gwandu, hanya duk ruwa ya yanke. Ba mu kai ba."

Ta kwance goyon. Mace ce, an mayar mata da sunan uwarta, ana ce mata Magajiya. Ban taɓa ganin jariri fari haka ba, ba farin fata ba, farin rashin jini. Kukanta kamar na 'yar kyanwa. Goggo ta ce sun gwada nonon saniya tana amayarwa, sun gwada ruwan kunu, kullum ƙara lafewa take.

Inna ta ja ni gefe cikin ɗaki, ta yi ƙasa da murya.

"Kulu, ki dube ni. Da ƙyar na tsamo ki. Nononki ko ɗanki bai ƙosar ba. In kinka ɗauki biyu, ina tsoron in rasa ukunku."

Ban ga laifinta ba, ko a ranar, ko yau. Uwa ce take magana. Amma ni abin da nake ji a jikina shi ne fizgar nan da aka yi wa zanena a bakin rijiya. Na fita na karɓi yarinyar na sa ta a nono. Da farko ta kasa kamawa, bakinta ba ƙarfi. Na matsa mata a leɓe. Can sai na ji ta ja.

Inna ta dube mu. Sannan ta juya ta ƙwala wa Baba kira yana gyaran koma a zaure.

"Malam, daga gobe sai ka ƙara nisa. Baki ya ƙaru."

Haka aka yi. Baba ya riƙa wuce inda ya saba, ya dawo ƙafafunsa sun yi fari don jiƙa. Inna ta sayar da tunkiyarta ta sayo wake. Na shayar da su biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, wani lokaci in ji kamar ɓargon ƙashina suke zuƙa. Haƙorana biyu na ƙasa a wannan shayarwar suka tafi, ga gurbinsu har yau.

Da kaka na koma gidan miji. Gero ya yi abin da bai yi ba a shekaru, dammuna jibge a ƙofar gida har ba wurin taka ƙafa, yara suna gasa tumu bakinsu baƙi ƙirin. Tsakanin rasuwar Balki da nunar geron nan bai fi 'yan makonni ba. Na zo da busasshen kifin, babba, mai kitse. 'Ya'yanta na dafa wa.

Yammacin da na dawo, Goggo ta sauke tuwo ta ɗauki mara, ta jawo kwanona ta fara cika shi kafin na kowa. Ba ta yi bayani ba, ba wanda ya tambaye ta. Har ta bar duniya, duk macen da ke da ciki ko goyo a gidan ita ake fara zuba wa, kuma ƙwan zabi ya daina zuwa kasuwa.

Saura Magajiya. Ta rayu, amma komai nata a makare yake zuwa. Ɗanjuma ya zauna, ita tana kwance. Ya yi rarrafe, ita da ƙyar take riƙe wuya. Ya tashi yana bin kaji da gudu, ita tana zaune inda aka ajiye ta, ƙafafun sirara kamar sillen kara. Mata suka fara cewa a ƙasa-ƙasa wannan ba za ta taka ba. Ni dai ina ta ɗura mata romon kifin da Inna ke aiko mana, da wake, da gwaiduwar ƙwai, ina zaunar da ita a hantsi ina mulmula mata ƙafafu da man shanu.

Ubanta kuwa, Yaya Buhari, tun rasuwar bai taɓa ɗaukarta ba. Ba ƙinta yake ba. Duk abin da ya samo sai ya ce a ba ta. Amma in ya shigo ya gan ta a tsakar gida sai ya kau da kai ya bi ta gefe, kamar mai tsoron ya saba da abin da za a sake karɓewa.

An yi wata damina ta wuce, ta biyu ta kama. Wata rana da azahar ina tankaɗe, Magajiya tana zaune kusa da turmi. Yaya Buhari ya dawo daga gona da fartanya a kafaɗa, ƙafafunsa duk taɓo, ya tsaya a bakin randa zai sha ruwa. Sai na ga yarinyar ta kama bakin turmi ta miƙe. Wannan ta saba yi. Amma sai ta saki. Ta tsaya tana rawa kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu. Na danne bakina da hannu don kada in yi motsin da zai firgita ta. Ta jefa ƙafa ɗaya, ta jawo ɗayar, ta nufi randa tana tangaɗi, har ta je ta cafke ƙafar wandonsa da hannu biyu.

Ya dubo ƙasa, moɗa a hannunsa, ruwa na zuba a ƙirjin rigarsa bai sani ba. Fartanyar ta zame ta faɗi. Ya durƙusa a cikin taɓon gindin randa, ya daɗe yana kallon fuskarta, sannan ya ɗauke ta ya rungume.

"Ashe zama kinka zo yi," ya ce. "To sannu da zuwa."